Tela Mai "Da Sauƙi"

Tela ya yi shekaru yana taka keken ɗinki da kwalbar lemo a gefe, har ciwon suga ya kama shi. 'Yarsa ta sa shi a tsarin asibiti na waya, kullum da safe saƙo ya shigo: "Yaya jiki? Aiko da awon suga."

Shi kuwa mutum ne mai tarbiyya, ba a gaishe shi ya tsaya zayyana ciwo. Sai ya rubuta "Da sauƙi", ya kurɓi lemonsa. Na'urar awon tana cikin gwangwanin maɓallai.

Allura ta soke shi a ƙafa, wurin ya ƙi warkewa, ya rubuta da sauƙi. Ƙafar ta ƙi shiga takalmi, nan ma da sauƙi.

Da aka kwantar da shi, 'yar ta ce, "Baba, me ya hana ka faɗa musu gaskiya?"

"Ke, gaishe ni aka yi. Ƙorafi zan yi wa baƙo?"

Yanzu keken ya yi tsatsa, amma amsar ba ta sauya ba. Jiki kam ya yi sauƙi, tunda an rage masa nauyin ƙafa guda.