Muryar Yaya Lawan a Kaset ɗin Gashua

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar yayana Lawan, kuma abin da ya fi damuna a tsawon shekarun nan shi ne muryarsa ta ɓace mini. Fuskarsa ba ta ɓace ba. Ina za ta, alhali yara na yawo da tsofaffin finafinansa a waya? Amma muryar da ke cikin finafinan ba tasa ta gaskiya ba ce. Mugun attajiri yake fitowa kullum, ya kumbura maƙogwaro yana daka wa mutane tsawa. A gidanmu na Nguru kuwa, Yaya mutum ne mai sanyin magana, sai ka matso kake jin sa. Mu biyu iyayenmu suka bari, da ya tafi ba ni da wanda zan ce wa, "Ka tuna?"

Bara wata maƙwabciyata ta ba ni labarin Malam Gambo, wani dattijo a kasuwar Gashua da ke sayar da kaset a da, wai ya naɗi hirarrakin da gidan rediyo ya yi da Yaya. Washegari na shiga mota. Na same shi yana sayar da cajar waya, kaset ɗin kuma na cikin buhu a ƙarƙashin tebur. Ya zaro guda huɗu, ya haɗa mini da tsohuwar rakodarsa aro, sannan ya sunkuyar da kai.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Lokacin waƙa ake saye, ba surutu ba."

Sai a gida na gane nufinsa. Shirin, hira ce ana yi ana saka waƙoƙin fim. Shi kuma da an fara magana sai ya danne rakoda, da waƙa ta taso ya saki. Kaset uku na saurara, waƙa bayan waƙa, ba abin da na samu na Yaya sai rabin sallama da gyaran murya. Na ji haushin tsohon nan ƙwarai, har na yi ta masa faɗa ni kaɗai a ɗaki.

A na huɗu ne Allah ya taimake ni. Daga baya Malam Gambo ya ce ranar kiran La'asar ya riske shi, ya tafi masallaci ya bar rakoda tana juyawa. Tsawon sallar nan kaɗai, Yaya ya yi magana ba a katse shi ba. Bai ma taɓo fim ba. Labarin bandar kifi yake yi, da yadda muke fita kallon jirgin ƙasa in ya shigo tasha, yana 'yar dariyar nan tasa ta hanci. Na zauna a ƙasa na yi kuka.

Ina tunanin da yana raye ya ga zamanin nan da mutum ko takalmi ya saya sai ya kunna waya ya yi wa duniya bayani, dariya zai yi, ya ce shi nasa surutun aka ga bai kai a ajiye ba.

Na kira ɗansa Ibrahim, wanda yake ɗan shekara biyar lokacin rasuwar, na kunna masa. Ya saurara cikin ladabi har ƙarshe.

"Gwaggo, anya Baba ne wannan? Muryarsa ta fi haka kauri."

Na ce shi ne. Ya gyaɗa kai don kada ya ɓata mini rai, amma na ga bai yarda ba.

To, abin da ya rage ke nan. Attajirin nan mai tsawa ba zai mutu ba, yana cikin kowace waya, har ɗansa shi ya sani a matsayin uba. Lawan na gaskiya kuwa yana gefe ɗaya na tsohon kaset, kuma ni kaɗai na rage da zan ji shi in ce shi ne. Allah ya jiƙanka, Yaya. Ni ma na fara tsufa.