Malam Sama'ila Bai San Tatsar Mai Ba

Duk wanda ya ce maka Malam Sama'ila jarumi ne, ƙarya yake yi. Ni Uwa mai ƙuli-ƙuli, shekara shida ina ganin shi yana wuce ƙofar gidana zuwa lakwal, wato makarantar boko, kuma ban taɓa ganin namiji mai fargaba irin tashi ba. Ya kulle aji, ya yi taku goma, ya dawo ya ja kwaɗon ya gani ko ya kama. In moto ta tsaya bakin lakwal, sai ka ga ya miƙe yana share zufa da hannun riga, ko da mai moton hanya ya zo tambaya. Na yi mashi dariya ba sau ɗaya ba, Allah ya yafe mani.

Mutumin garin Alasan Mairairai ne. Ubanshi tela ne, ya rasu Sama'ila na tsakiyar karatu, sai ya ajiye karatun ya shiga koyarwa ta kwantaragi. Kafin a kawo shi garinmu, nan kusa da Baudeta, ya yi garuruwa biyu, kuma duka biyun da takardar ƙorafi ya bar su. A na farko ya hana a ɗebi ƴan aji zuwa gona ranar jarrabawa. A na biyu ma wata magana ce mai kama da wannan. An ja mashi kunne cewa in takarda ta uku ta shigo, ba wani gari za a kai shi ba, sunanshi za a cire gaba ɗaya. Ga tsohuwarshi da idonta ya mutu, ga matarshi Halima da yara uku, duk shi suke kallo. Mu ba mu san wannan ba a lokacin, don ba ya ba kowa labarin kanshi.

Lakwal ɗinmu na cikin masu koyar da Hausa da Faransanci tare, shi kuma aji shida yake riƙe da shi. Autata Zahra'u tana ciki. Abin da ya fi ci mashi rai shi ne rubutun bayani, wato yaro ya zauna ya rubuta yadda ake yin abu, ko dalilin abu, har wanda bai sani ba ya karanta ya gane. Ya ce su rubuta yadda ake ɗaure damin hatsi. Yara talatin da bakwai suka kawo kaye, littafinsu na rubutu, kowa ya cika rabin shafi da gaisuwa, ya tambayi lafiyar Malam da iyalinshi, sannan ya rubuta cewa ana ɗaure dami kamar yadda Malam ya sani, shi ke nan.

To me za su rubuta? Mu muka tarbiyyantar da su. Yaro a garin nan ba ya buɗe baki ya koya wa babba abin da babban ya riga ya sani, wannan rashin kunya ne, mari ake yi a kai. Malam ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya cika allo da misali, a banza. Yaran ba jahilci ke damun su ba, ladabi ne ya riƙe masu hannu.

Sai ya fito da dabara. Ya tsaya gaban aji ya ce masu shi ɗan tela ne, bai san komai ba in ban da allura da zare. Bai san ɗaure dami ba, bai san ginin rumbu ba, bai san yadda mai ke fita daga gujiya, wato gyaɗa, ba. Duk wanda ya taimaka ya rubuta mashi dalla-dalla, ya yi mashi alheri. Na dami da na rumbu ƙarya ya yi. Na man kuwa gaskiya ne, wane namiji ya sani?

Daga ranar na rasa sakat a gidana. Ina suya, Zahra'u na tsugune da kaye a cinya.

"Inna, don me ake sa rairayi a kasko kafin gujiya?"

"Don haka ake yi."

"In ba a sa ba fa?"

"Ƙonewa za ta yi, wata ta ƙone wata ba ta soyu ba. Matsa mani!"

"Ruwan kuma don me sai mai zafi? Ludayi nawa?"

Ludayi nawa! Shekara ashirin da biyar ina wannan sana'a ban taɓa ƙirga ludayi ba, hannuna ne ya sani. Ni uwata ba ta yi mani bayani ba, kallo na yi, in na ɓata ta ranƙwashe ni. Yarinyar da na haifa ta tsare ni da tambaya gaban masu saye, ina in-ina, suna ƙunshe dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Da na ce wa ya aiko ta, ta ce ai Malam ne, wai bai sani ba, su ke koya mashi.

Washegari a bakin rijiya na saki bakina. Na ce an turo mana malamin da bai san komai ba, ƴaƴanmu ke koyar da shi, mu kuma muna zaune. Wata ta ce ɗanta ma ya faɗa, wai ko dami bai iya ba. Kafin la'asar maganar ta kai majalisar maza. Kwana uku tsakani Baba Dikko, shugaban kwamitin iyaye, ya tara mu ƙarƙashin gawo. Darakta, shugaban lakwal, ya roƙa a jira a ji ta bakin Malam, na ce a jira me, ba shi da bakinshi ya faɗa ba? Aka rubuta takarda zuwa ofishin ansifekta, mai duba lakwal-lakwal a Tasawa. Mutum goma sha ɗaya muka dangwala yatsa, nawa ne na biyu, don ni ce shugabar uwaye mata. Da safe mai moto ya tafi da ita.

Halima ce ta zo mani bayan kwana biyu. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta zauna bakin murhu ta ce, "Inna Uwa, tun shekaranjiya bai sa komai a bakinshi ba sai ruwa." Nan ta faɗa mani zancen takardu biyun farko, da abin da ta ukun za ta jawo. Amma bakin nan nawa bai bari ba. Na ce to laifin wa, mu muka ce ya jahilta? Ta tashi ta tafi.

Da hantsi sai ga shi da kanshi, ya yi sallama, hannu ɗaya da kwanon niƙaƙƙiyar gujiya, ɗayan da kayen Zahra'u. Fuskarshi ta faɗa, leɓenshi ya bushe.

"Inna, alfarma nake nema. Ki ara mani turmi da muciya da ruwan zafi. Ban taɓa tatsar mai ba, ban taɓa tsayawa na ga ana yi ba. Abin da Zahra'u ta rubuta kaɗai zan bi. Ke dai kada ki ce mani komai. In mai bai fito ba, kun yi gaskiya, ban koya masu komai ba."

Tabɗi! Namiji, malami, a gindin turmi. Kafin ya naɗe hannun riga matan unguwa sun cika mani gida, wasu na leƙe ta katanga. Zahra'u ta maƙale a ƙofar ɗaki tana cizon gefen hijabi. Ya buɗe kayen ya ɗora a kan kujera, ya karanta da ƙarfi:

"Da farko ka juye niƙan a turmi. Ka tabbata ruwan ya tafasa, domin ruwan sanyi ba ya kiran mai. Ka zuba ludayi ɗaya tak, ka juya da muciya ta gefe guda. Kada ka ƙara ruwa sai wanda ka zuba ya ɓace. In ka yi gaggawa ka zuba da yawa, niƙan zai saki ya zama kunu, ka yi asara."

Na tsaya baki buɗe. Maganata ce, wadda na riƙa jefa mata cikin faɗa da tsaki, guntu yau guntu gobe. Ta tsince ta duka ta jera, kowace a wurinta. Ni kaina ban san na san haka ba.

Ya zuba, ya juya. Riƙon muciyar ma abin tausayi, mata na ta ƙyaƙyata dariya. Ludayi na biyu, na uku, babu komai, niƙan sai ƙara tauri yake. Zufa ta jiƙa mashi riga har baya. Ya kai hannu ga ludayi, na ga zai cika shi fal, na ji kamar in yi ihu. Na danne bakina da hannu. Sai ya dakata, ya sake duba kayen.

"A nan za ka ga ya yi tauri har hannunka ya gaji, za ka zaci ya lalace. Bai lalace ba. Kada ka ƙara ruwa, ka ci gaba da juyawa."

Ya ajiye ludayin. Ya juya, ya juya, har jijiyar wuyanshi ta tashi. Dariyar ta mutu, gidan ya yi tsit in ban da ƙarar muciya. Ni addu'a nake a zuci, ni da na dangwala yatsa. Can sai niƙan ya haɗe wuri guda ya fara ƙyalli, mai ya taso ta gefen turmi, siriri, sannan ya taru. Wata ta rangaɗa guɗa. Shi kuwa ya zauna daɓas a ƙasa, ya ce, "Inna, takardar dai ta riga ta tafi."

Washegari na ɗauki Zahra'u muka hau kabu-kabu zuwa Tasawa. Duk hanya ina tunanin ko an riga an sa hannu. Muka jira a baranda har rana ta take, kafin aka ce mu shiga. Ansifektan dattijo ne mai farin gilashi. Na gaishe shi, na shiga rantse-rantse, na kama nan na saki can, turmi, rijiya, tsohuwa marar ido. Ya saurare ni da haƙuri, sannan ya ɗaga takardarmu daga kan tebur.

"Inna, wannan a rubuce ta shigo, da yatsu goma sha ɗaya. Jibi zan tura ta gaba. Maganar baki ba ta tsayar da ita. In akwai abin da ya faru wanda ba ya cikinta, a rubuto mani shi yadda zan gane, ki sa yatsanki."

Muka fito muka zauna a inuwar dalbejiya. Zahra'u ta yage shafi daga tsakiyar kayenta, ta ɗora a gwiwa.

Na ce, "Rubuta, an samu rashin fahimta a garinmu."

Ba ta rubuta ba. "Inna, shi ba ya garin. Bai san komai ba. Sai an faɗa mashi abin da ya fara faruwa, da wanda ya yi."

"To rubuta mutanen gari."

"Duka a tare suka fara?"

Na harare ta. A gida da tuni ta sha ranƙwashi. Idonta ya cika da hawaye amma biron na tsaye a kan takarda, tana jira. Na duba ƙofar ofishin, na tuna jibi.

"Rubuta Uwa mai ƙuli-ƙuli. Ita ta fara, a bakin rijiya."

Ta rubuta a hankali. Ba ta ɗago ba ta ce, da ƙaramar murya, "Sai dalili, Inna. Zai so ya san don me."

Wallahi gara a ce in ɗauki turmi a kai in zaga kasuwar Tasawa. Amma na ce, "Don ɗiyarta ta tambaye ta abin da ta kasa amsawa gaban mutane, ta ji kunya, ta huce a kan wanda ba shi da laifi."

Hawayenta ya ɗiga a gefen shafin, ta share da hijabi, ta rubuta. Sauran ya zo da sauƙi: yadda yara ke jin nauyin koya wa babba, dabarar da Malam ya yi, da man da ya fito jiya. Shafi ɗaya da rabi. Na dangwala yatsa a ƙasa.

Ansifekta ya karanta sau biyu. Ya tambayi wa ya rubuta, na nuna ta. Ya tambayi ajinta da malaminta, ta faɗa. Ya haɗa takardun biyu da ƙusa ɗaya, ya buɗe durowa ya saka, ya ce mu gaida gida, malaminmu ya ci gaba da aikinshi.

Malam Sama'ila na nan har yau, bana shekararshi ta shida a garinmu. Tsohuwarshi ta rasu bara, mu muka yi mata wanka. In ya wuce yakan tsaya ya gaishe ni da ladabi, ya sayi ƙuli-ƙulin yara. Bai taɓa tambayata abin da na je na faɗa a Tasawa ba, ni ma ban gaya mashi ba. Baba Dikko da sauran sun ɗauka roƙo kawai na je na yi. Zahra'u kaɗai ta sani, da hannunta ta rubuta, kuma har yau ba ta taɓa ɗaga mani maganar ba.