Takardun Harajin Mai Walda

Shekara ashirin mai walda ya yi yana ciyar da mutum tara: matarsa, 'ya'ya biyar, tsohuwarsa da marayun ƙanwarsa biyu. Aiki bai taɓa yanke masa ba, amma da masu haraji sun leƙo shagon sai ya marairaice, ya ce kasuwa ta mutu. Ya dawo gida ya ba matar labari, su yi ta dariya.

Da tirela ta take shi, lauyan kamfanin motar ya kira matar ofis don lissafin diyya, ya baje mata takardun harajin nan.

"Baiwar Allah, ga abin da mijinki yake samu, da sa hannunsa. Shi za mu ninka da shekarun aikin da suka rage masa."

Ta kalli adadin. "Wannan ko kuɗin makarantar auta bai kai ba, mugu azzalumi!"

Ko ɗagowa bai yi ba. "To, ƙarya marigayin ya yi ke nan?"

Duk maganar da mijinta ya yi a duniya, wannan ta takardun haraji kaɗai suka gaskata.