Ƙwan Zabi da Motar Baba

A gidanmu na unguwar Nima ba a fara tatsuniya sai Kaka ta gama tuyar ƙosan yamma. In ta sauke kasko, sai ta bar sauran garwashin a kurfoti, wato murhun gawayi, mai masara ya kawo masararsa, mai ayaba ya kawo ayabarsa, mu jikoki da 'ya'yan 'yan haya mu kewaye ta a tsakar gidan da tabarma biyu ke cika shi. Ni ce mai zama jikin ƙafarta. Ba don ta fi so na ba, don dai ni ce mai katse ta da tambaya, tana so in kasance inda hannunta zai kai ga kunnena.

Babana direba ne. Motar da yake ja tsohuwar a-kori-kura ce ta jama'ar masallacinmu, aikinta kai gawa maƙabarta. Ranar da ba a yi rasuwa ba, ta kwashi benci da rumfa zuwa gidan suna. Tun daga titi muke sanin ya dawo, domin duk ramin da ta taka sai ƙarƙashinta ya yi ƙwaram-ƙwaram. Robobin nan da ake cusawa a kunnen sifirin da ke ɗauke da nauyin mota don kada ƙarfe ya ci ƙarfe, waɗanda masu gyara ke kira bushin, sun cinye tun tuni. In an yi wa Baba magana, dariya yake yi, ya ce ƙarafa ne ke gaisawa.

Baba ɗan fari ne, saboda haka Kaka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma roƙonsa abu ido da ido. Mai mota take ce masa, shi ma a bayan idonsa. In tana da magana da shi, mu take gaya wa da ƙarfi, shi kuma ya tsinta daga bencinsa na bakin ƙofa.

Wani maraice yana kan bencin yana cin tuwo, Kaka ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe, ku ba ta hanya."

Muka ce, "Ta shigo mu ji ta."

Wai wata tsohuwa ce ta tara ƙwan zabi kwando guda, ta ɗauki Gizo ya kai wa 'yarta a wani gari. Ta ce masa ya zuba ƙaiƙayi tsakanin ƙwan kafin ya tashi. Gizo ya ce ai ƙaiƙayi a ko'ina akwai shi, sai ya kai gaba. Ya ɗora kwando a ka, ya kama hanya yana tsalle. Can aka ji ƙwas. Kurciya ta ce, Gizo, me ke ƙara a kwandonka? Ya ce ba komai, ƙwai ne ke gaisawa. Ya wuce masussuka, ga ƙaiƙayi tsibi, ya ce na gaba ya fi laushi. Aka sake jin ƙwas. Haka ya yi ta tafiya ƙwai na gaisawa, har gwaiduwa ta fara bin ƙeyarsa, ƙudaje suka yi masa rakiya. Da ya isa, 'yar tsohuwa ta buɗe kwando, ba ta sami ƙwai ko ɗaya da ransa ba.

Muka yi ta dariya, har da ni da na san inda aka samo gaisuwar nan. Na ce, "Kaka, to me ya hana ƙwan yin magana tun farko?"

Ba ta ja kunnena ba ranar. Ta juya masara a wuta, ta ce, "Rabi, mai rai in an girgiza shi yakan ce wayyo. Abin da ba ya iya cewa wayyo shi ake lallaɓawa. Ku gaya wa mai motar gidan nan, ba na son gaisuwar ƙarfe ranar da zai ɗauke ni."

Baba ya tsame hannunsa daga tuwo, ya wanke, ya fita masallaci tun ba a kira isha ba.

Bai gyara motar nan take ba, kuma ba lalaci ba ne. Mutuwa ba ta ba da hutu a Nima. In ya kwance mota yau, gobe wa zai ɗauki wanda ya rasu? Haka aka yi ta cewa sai an sami sarari, har ƙafafun Kaka suka fara kumbura, ta daina tuya, ta koma kwanciya a ɗaki. Sai Baba ya je wurin liman ya nemi izini. Aka ɗaga motar a bakin lungunmu, aka cire tayoyin baya, aka ɗora ta a kan duwatsu.

Masta Isaka, makanikin unguwa, ya shiga ƙarƙashi ya fito yana girgiza kai. Ya ce wa Baba, "Alhassan, mota nan ya tsufa paa, sosai. Bushin ba wahala, ni zan yanka maka daga tsohon taya. Amma ƙusa da ya riƙe sifirin, tsatsa ya ci shi. Ba ya motsi koraa, ko kaɗan."

Suka zuba mata baƙin mai, suka gasa ta da wuta, suka bi ta da guduma. Ƙarshe ƙusar ta karye, rabinta ya maƙale a ciki. Irinta kuwa an daina kawowa. Baba ya bi masu tsofaffin ƙarafa daga unguwar Niyutawun har bayan gari, kowa ya juya guntun a hannu ya ce a dawo jibi. Sababbin robobin suna ajiye a cikin kwano a ɗakinmu, baƙaƙe, an yanke su tsaf, ba wurin sa su.

Daga shimfiɗarta Kaka tana jin gudumar. Rannan ina shafa mata man zafi, ta ce, "Mai motar ne?"

Na ce, "Shi ne."

Sai ta ce, "Ku duba ko ya ci abinci."

Wata rana da hantsi ta rasu, motar tana kan duwatsu. Gawa ba ta jiran makaniki. Kafin la'asar dole a rufe ta, motar da aka samu kuwa ta ɗaukar bulo ce, wadda ta fi ta Baba girgiza nesa ba kusa ba. Mata ba sa zuwa maƙabarta, don haka iyakata bakin lungu, jikin motarmu da ba ta da ƙafafu. Na ga Baba ya hau bayan motar bulon ya ce kada a ajiye makarar a ƙasa. Shi da ƙannensa da Masta Isaka suka riƙe ta a hannu, a tsaye, gwiwoyi a lanƙwashe. Direban ya ja a hankali iya ƙoƙarinsa. Amma da suka zo hawa gadar kwata, motar ta yi tsalle, mazan suka tangaɗa, gefen makarar ya bugi ƙarfe. Na ji ƙarar daga inda nake tsaye. Ban taɓa jin rashin amfanina kamar lokacin ba.

Haka suka riƙe ta har maƙabarta. Da Baba ya dawo, ya kasa ɗaga buta, mahaifiyata Mma ce ta zuba masa ruwan alwala.

Ina yarinya na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne kada a yi jinkiri, kuma na daɗe ina jin haushin Baba a ɓoye. Yanzu da na kai shekarun da nake raka gawar nawa dangin bakin lungu ina dawowa, lissafin ya ƙi fita. Da bai ji maganarta ba, da a motarsa za ta tafi, da shi a kan sitiyari, shi da ya san kowane rami a hanyar. Ya ji maganarta, ya kwance motar dominta, shi ya sa ta tafi a motar bulo. Na juya abin ta kowace fuska, ban ga inda zan tsaya in ce nan ne ya kamata a yi daban ba.

Bayan addu'ar bakwai aka sami ƙusar. Masta Isaka ya cusa robobin, ya ɗaure, aka sauke motar daga duwatsu. Ta daina ƙara ɗungum, har mukan ga Baba a tsakar gida ba mu ji isowarsa ba. Ya yi shekaru yana kai iyayen mutane a cikinta, masu rakiya su sauko suna cewa, "Alhassan, motarka akwai laushi, Allah ya yi albarka." Na sha jin ana gaya masa haka a gabana. Ban taɓa jin ya ce amin ba.