Shirun Shuɗiyar Mota

Autata ce ke rubuta wannan, ni faɗa kawai nake yi. Na ce mata duk inda muryata ta sarƙe ta jira ni, kada ta cike mini da nata.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya bar mana mota guda. Tsohuwa ce ƙwarai, ruwan toka, tun yaranmu suna firamare ya saye ta. Duk layinmu a Hausari an san ƙararta. Salansar ta sha walda har bakanike ya gaji, ƙofar baya sai an ɗaga an buga take rufuwa, in ta hau titi kuwa komai na cikinta rawa yake yi, har kwalbar turaren da yake ajiyewa a gaba. Tun tana kwanar masallaci nake jiyo ta, in tashi in ɗora ruwan shayi. Ban taɓa kuskure ta da wata ba.

Da ya rasu, ɗan farina ya ci gaba da riƙe shagon yadin babansa a Kasuwar Kwastam, motar ma ta koma hannunsa. Bari in faɗi yadda muke da shi, don masu tasowa yanzu ba lallai su gane ba. Ɗan fari ne, kuma a yadda aka tarbiyyantar da ni, uwa tana kunyar ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi hira da shi ba. In ina da magana sai in ce wa ƙanwarsa, autar nan tawa, "Gaya wa yayanki," ko da yana zaune a wurin. Da safe ya shigo ya durƙusa, ya ce, "Inna, ina kwana," in amsa ina kallon gefe, ya tashi. Furfura ta fara fito masa a gemu, muna nan yadda muke.

Bayan na fita takaba hawan jini ya kama ni, aka ce duk mako biyu a kai ni asibiti. Shi ke kai ni. Yana gaba, ina baya, mu biyu. Hanyar tana bi ta bakin kasuwa, ta gaban wata babbar darbejiya inda babansu yake zama da abokansa bayan la'asar. Har yau suna nan, tabarmar ma ita ce, sai dai wurin zamansa na jikin kututturen wani ne a kai.

A gida ba ni da inda zan yi kuka. Ga suruka, ga jikoki, ga masu shigowa gaisuwa, kowa yana yaba mini haƙuri. In hawaye ya zo sai in shiga banɗaki in wanke fuska. To amma a motar nan, da zarar mun doshi darbejiyar, sai injin ya ɗauki wani irin gurnani, ya fi na ko'ina ƙarfi, har kujerar tana karkarwa. Na ɗauka wurin ne yake da ɗan hawa, ko tsufa ne ya sa ba ta son nan. Sai in ja mayafi in rufe fuska, in saki kukana a cikin ƙarar, da sauti, yadda nake so. Kafin mu kai ƙofar asibiti gurnanin ya lafa, ni ma na share ido. Shekara biyu ina haka. Wannan 'yar tafiyar ita ce ɗakina.

Ran nan injin ya buga. Bakanike ya ce gyaranta asara ce. Man fetur kuma ya riga ya ishi kowa, ɗan farina kuwa ya sa sola a rufin gida da na shago, sai ya ce motar lantarki zai saya, irin wadda ake sa wa caji kamar waya. Mun riga mun ga keke mai batir yana wucewa a unguwa kamar an tura shi, don haka ban yi mamaki ba. Ya aiko ƙanwarsa ta ce mini wai in shirya mu je wurin dillalin motoci mu uku, tunda ni ce mai zaman baya, ni zan zaɓa.

Dillalin wani Babarbare ne mai faɗin murya, hularsa har bisa gira. Yana ganina ya taso da gaisuwarsu ta Barebari, "Wushe, Hajja, wushe! Yau uwar mai kuɗi da kanta ta zo, ciniki ya faɗa." Motoci biyu ya nuna mana a ƙarƙashin rumfa. Ɗaya fara ce, ƙarama, sabuwa fil, da leda a kujerunta. Ɗayar shuɗiya, ta fi girma, an ɗan hau ta a wata ƙasa kafin a kawo, amma duk da haka ta fi farar tsada nesa ba kusa ba.

Autata ta ce, "To Alhaji, ta yaya wadda aka hau ta fi sabuwa kuɗi? Ko don ka ga mun zo da tsohuwa?"

Ya yi dariya har hular ta goce. "Ƙanwata, ki rufe ƙofar wannan, ki rufe ta waccan, kunnenki zai ba ki amsa."

Ta rufe ta farar, ta yi kwaram kamar marfin tukunya. Ta rufe ta shuɗiyar, ta yi dum, ƙasa-ƙasa, kamar an ajiye buhun gero a kan yashi. Ya ce gilashinta ninki biyu ne, an cusa wani abu a jikin ƙofofin da ke shanye ƙara, batirinta kuma ya fi daɗewa kafin ya nemi caji. Farar, in ji shi, ba ta da laifi a cikin gari, kayan gyaranta ma sun fi sauƙin samu, amma in an tashi sayarwa shuɗiyar ce za ta riƙe darajarta. Ni dai ina tsaye ina jin su.

Farar muka fara hawa. Ɗan farina a sitiyari, dillali a gefensa, ni da auta a baya. Ina jira a tayar da ita sai na ga rumfar tana tafiya baya. Na riƙe hannun auta na ce, "Ke, birki ya ƙwace!" Duk suka yi dariya, har shi, na ga kafaɗarsa tana motsi. Da muka hau kwalta sai ta fara nata surutun. Ba na inji ba ne, wani huuu ne na taya da ke tasowa ta ƙarƙashin ƙafa, ga iska tana fito a gefen gilashi, in an taka tsakuwa kuma ka ji tas-tas a cikinta. Da ya kunna esi sai fankar ta ƙara nata. Ba ta kai tsohuwar tamu ƙara ba ko kusa, amma da abin da mutum zai ɓuya a bayansa. Zuciyata ta ɗan kwanta.

Shuɗiyar kuwa, da aka rufe ƙofofi sai duk garin ya koma kamar hoto. Ina ganin mai keke yana danna oda, bakin mai rake yana motsi, amma sai daga can nesa nake jiyo su. Ina jin agogon hannun dillali. Ina jin awarwarona biyu suna taɓa juna. Da na haɗiye yawu sai da na ji kunya.

Dillali ya waiwayo. "Hajja, yi masa magana a hankali daga nan, ki ga ko zai ji ki."

Na sunkuya kusa da kunnen auta, na yi raɗa, "Gaya wa yayanki ya rage gudu."

Kafin ta buɗe baki motar ta riga ta rage.

Auta ta tafa hannu. "Shi ke nan, Inna, an kore ni daga aiki. Shekara talatin ina kai saƙo, mota ta karɓe."

Na yi murmushin yaƙe. Motar da ake jin raɗa a cikinta, ina zan kai kukana?

Da muka dawo rumfa ɗan farina ya ce farar zai ɗauka. Dillali ya ce, "Alhaji, na ga yadda kake shafa sitiyarin waccan fa." Ya ce a'a, farar ta ishe shi. Auta ta dube shi baki buɗe, don duk gidanmu an san shi, ko takalmi zai saya sai ya nemi mai ƙwari ko da ya fi tsada, halin babansu ne. Ta ce, "Yaya, yaushe ka fara rowa?" Aka juyo gare ni, na ce wa auta ta gaya masa farar ta yi. Dalilina ni kaɗai na san shi, nasa kuma na ɗauka kuɗi ne.

Dillalin nan bai haƙura ba. Ya ce an sayi farar tasa da ke nan, sai jibi wata za ta iso, kafin nan mu tafi da shuɗiyar mu kwana da ita, bai yarda mu yanke ba mu san ta ba. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko dabarar kasuwa ce. Washegari kuwa ranar asibitina ce.

Muka fita da hantsi, mu biyu. Tun daga ƙofar gida nake yi wa kaina faɗa, yau dai ki daure, yini ɗaya ne. Awaki ma ba su san da zuwanmu ba sai da ya danna musu oda. Muka wuce teloli, muka wuce masu walda, shiru. Ina jin numfashinsa yana jin nawa. Tun yana cikina rabon da mu kasance kusa haka.

Sai ga darbejiyar. Da hantsi babu kowa a wurin, tabarmar tana naɗe an jingine ta da kututture, daidai inda yake jingina bayansa. Da ma da mutane a kai da ya fi mini sauƙi. Na cije leɓe, na danne bakina da mayafi.

A nan na ga hannunsa na dama ya bar sitiyari ya sauka tsakanin kujeru, inda sandar giya take a tsohuwar motar. Ya laluba, babu komai sai wurin ajiye kofi. Ya taka totur, motar ta zabura gaba ba tare da ta ce uffan ba, ya yi maza ya saki. Ya kai hannu wajen esi ya murɗa har ƙarshe, sanyi ya ƙaru, amma fankar shuɗiyar nan ko ƙarar kirki ba ta da ita. A cikin wannan shirun kukan ya kuɓuce mini, guda ɗaya, kamar shaƙuwa.

Ya gangara gefen titi ya tsaya. Bai waiwayo ba. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Wannan ba ta da giyar da zan mayar."

Ban gane ba da farko. Sai na dubi titin ta gilashi. Shimfiɗe yake kamar tabarma, babu hawa ko na taku ɗaya. Ashe duk shekara biyun nan, in mun doshi wurin, shi ke mayar da motar ƙaramar giya ya danna mata wuta, ta yi ta ihu har sai ya ga a madubi na share fuska. Daga baya auta ta gaya mini bakanike ya sha yi masa faɗa, yana cewa wane ne ke azabtar da injin nan haka. Farar motar ma ashe ba don sauƙinta ya nace ba. Ita ce mai sauran ƙara.

Na daɗe ina kuka a wurin, babu abin da ya rufe ni. Da na ɗan lafa sai na ji wani sautin daga gaba, ƙarami, irin na babban mutum da yake jan hanci yana so kada a ji. Ban taɓa kawowa a raina ba. Babansa ne fa. Kowace safiya shi ke buɗe shagon, shi ke zama a kan kujerar baban, da yamma ya wuce ta gaban bishiyar nan shi kaɗai. Ƙarar da yake tayarwa ashe mu biyu take rufewa.

Babu auta da zan ba saƙo. Na gyara murya na ce, "Kai."

Ya ce, "Na'am, Inna."

Na ce, "A jikin bishiyar nan babanka ya zauna ranar sunanka, bayan an watse. Ya ƙi shiga gida wai kada a ga yana murna."

Ya yi wata 'yar dariya cikin hawaye. Ya ce bai taɓa sani ba. Ina zai sani, wa zai gaya masa? Muka makara a asibiti ranar, malamar jinya ta ce jinin ma ya ɗan sauka.

Da yamma auta ta zo jin yadda aka yi. Yana zaune a bakin ƙofar ɗakina. Ta ce, "Inna, me zan gaya wa Yaya, farar dai?" Na ce ta zauna abinta. Na dube shi na ce, "In ba za ta takura ka ba, shuɗiyar nake so." Ya ce ba za ta takura shi ba, sai dai gyaran shagon da ya yi niyya ya jira baɗi. Auta ta dube ni, ta dube shi, ta ce, "Ikon Allah. Me aka ba ku a asibitin?"

Shuɗiyar ce a ƙofar gida yanzu, da wayarta a jikin bango. Tana da nata aibin. Ba na jin dawowarsa, sai dai in ga mutum a tsakar gida yana sallama, shayi bai ko hau wuta ba. Wani lokaci da la'asar kunnena yana tafiya kwanar masallaci yana jiran tsohuwar ƙarar, sai in tuna. Har yanzu ban kira sunansa ba, bakina ba zai iya ba, ina jin haka zan koma ga Allah.

Amma ran asibiti, in mun doshi darbejiya, yana rage gudu. Wata rana in yi kuka, ya bar ni. Wata rana in ba shi labari ɗaya na babansa, ba na ɗaga murya, yana ji. Makon jiya shi ya ba ni nasa, na ranar da babansu ya koya masa auna yadi da kamu ya buge masa hannu saboda ya tauye wa wata mata awo. Ban san wannan ba sai a bakinsa.