Manhajar da ta mai da maza tara mutum ɗaya

Jiya na sauke manhajar gyaran hoto a waya, na zuba mata tsofaffin hotunan gidanmu na Illela na shekarun tamanin, don ta ware kowa da fuskarsa.

Sai ta tattara maza tara wuri guda, wai mutum ɗaya ne. Marigayi Baba, ƙannensa, har da wani maƙwabcinmu ɗan Lafani.

Na fara zaginta ke nan sai na tuna mai hoton bakin tasha. Babbar riga ɗaya gare shi ta aro, da hula ɗaya, da rediyo marar batir da kowa ke rungumewa. In ya wanke hoto sai ya bi shi da fensir, ya shafe tsagar gado, ya cika kumatu, ya miƙe hanci. Ka shiga da fuskarka, ka fito Alhaji.

Abin kunyar, ni ma na kasa fitar da Baba. Na kai wa Inna wayar.

"Inna, wane ne Baba a nan?"

Ko kallon fuskokin ba ta yi ba. "Jawo mini ƙafafu in gani." Can ta dangwala yatsa. "Wanga ne. Ga farcen da raƙumi ya taka ranar kasuwa."

"To fuskar fa?"

"Fuskar mi? Wagga ai ta mai hoto ce. Ƙafa kaɗai fensirinai bai kai ba."

Yanzu manhajar na tambayata ko ta ƙara wa Baba kyau. Na ce ta haƙura, an riga ta.

Ku duba bangon gidanku da kyau: mahaifinku ne a rataye, ko Alhajin mai hoto?