Makullin da Injiniya Ya Bar wa Kowa

Injiniyan ofishinmu ƙazami ne a wajen aiki, kuma na faɗa masa ido da ido.

Kamfaninmu yana fitar wa 'yan kasuwa kaya daga tashar jiragen ruwa ta Owendo, ni ce mai kula da saba, wato babbar kwamfutar da suke turo wa takardunsu ta intanet. Sai da na haura arba'in na shiga boko, bayan shekarun da na yi ina sayar da atamfa a kasuwar Nkembo. Da ƙyar na samu ilimin nan, ba na wasa da shi.

Sabar tana da satifiket, shaidar cewa shafin namu ne, da fayil ɗin makullinsa na sirri. Duk wanda ya kwafi makullin nan zai iya buɗe shafi da sunanmu, 'yan kasuwa su miƙa masa takardun kayansu hannu biyu. Manhajarmu kuwa a kwantena take aiki, wani killataccen ɗaki cikin kwamfuta, inda ba ta taɓa abin da ba nata ba. Da ta kasa karanta makullin, maimakon Injiniya ya mallaka mata fayil ɗin, sai ya sa masa lambar izini bakwai-bakwai-bakwai. Kowa ya karanta, kowa ya sauya. Sati uku yana haka, a wurin da har masu gyara mana firinta ke shiga.

Na kira shi bayan azahar. Ya zo yana cin soyayyar ayaba, yatsu duk mai.

"Hajiya, ai ya yi aiki," in ji shi.

"In ka cire ƙofar ɗakinka ma za ka shiga ba wahala."

Ya yi dariya, ya goge hannu a wando. "To bari in mayar da shi ɗari huɗu, mai shi kaɗai ya karanta. Minti ɗaya ne. Shef ba sai ya ji ba." Shef shi ne shugaban ofishinmu.

Wannan ya fi ɓata min rai. A Nkembo, makullin shago a haɓar zanina yake kwana. Ranar da na manta shi a jikin kwaɗo wuni guda, ban ce alhamdulillahi ga shi nan ba. Kwaɗon na canza, don ban san wanda ya danna shi a sabulu ya kwafa ba. Mutum da digiri biyu bai san wannan ba, ko ya sani, kunyarsa yake rufewa.

Washegari da sassafe na soke tsohon satifiket, na yi sabon makulli, na mallaka wa manhajar ita kaɗai, karatu kawai. Sannan na ƙwanƙwasa ƙofar Shef, in gaya masa dalilin da shafin ya tsaya rabin awa.